Ordin Da Ta Kwana Biyu A Kaso

Ku yaran yanzu, in aka ce muku na ci abinci shekara ashirin da ɗoriya da sanin inda ordi, wato kwamfuta, take ajiye abu, sai ku kama dariya. Wani cikinku, da diplom ɗinsa da tabarau, ya taɓa ce mini, "Baba Mamman, wannan ma aiki ne? Ai dannawa kawai ake yi ya ajiyu." Na ce to ka danna, ina ya tafi? Ya dubi ordi, ya dube ni, ya ce yana ciki. A ciki ina? Sai ya kama gyaran tabarau. To da irin wannan ƙaramin sani na taɓa ɓatar da gari sukutum, da mai garinsa da makahonsa, a shekarar da duk wanda babu sunansa a takarda babu hatsinsa.

Asalina daktilo ne, mai buga takardu da mashin a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Tasawa, wanda ke rubuta gidajen ƙauyukan Tasawa da na Mayahi. Zamanin mashin babu ciwon kai. Takarda tana cikin almuwar, wato kabad, almuwar tana bayan kujerar Shef, makulli yana aljihun Shef, Shef kuma yana gindin itacen bedi yana shan shayi. In abu ya ɓace, ko gara ce ko Shef.

Da ordi ta shigo aka ce duk wanda yatsunsa suka san haruffa ya matso, sai na matso. Aka tura ni Maraɗi wata uku wurin Mushe Haruna, tsohon malamin lakkwal, makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, da ya gaji da yara ya koma gyaran ordi, wai ita aƙalla tana da maɓallin da ake dannawa ta yi shiru. Ba ya koyarwa da baki. Zai rubuta sunanka a fishiye, wato takardar cikin ordi, ya jefa shi wani lungu na ordi, ya zura takalmansa ya ce, "Na tahi cin abinci. In ka nemo kanka, ka biyo ni." Satin farko ban ci abincin rana ba ko sau ɗaya. Ran nan yunwa ta sa na ce masa ordin ce ta haɗiye. Ya ja kunnena, ni da nake da mata da ƴaƴa biyu a lokacin, ya ce, "Ba ta da ciki. Wuri gare ta. Kai ne ba ka san wurin ba."

Abin da muke kira baz fishiye ne guda ɗaya da ake zuba mutane a ciki, gari-gari, gida-gida: sunan mai gida, matansa, baki nawa ke ci a tukunyarsa. Shirin da ke cika shi iri ɗaya ne a kowace ordi, fuska ɗaya, maɓallai ɗaya. Amma inda za a kai baz ɗin a ajiye, wannan kuma sai abin da sistem ɗin ordin ya ga dama, mu kuwa Allah ya jarrabe mu da sistem uku a biro mai ɗaki biyu. Babbar ordin teburi Windos gare ta. Ita takan kai shi ƙarƙashin sunan wanda ya buɗe ta, ta sa a wani dosiye, wato jakar ajiye fishiye, da ba ya fitowa sai ka ce mata ta nuna ɓoyayyu. Ƙaramar, ta ɗauka a jaka, wadda wani proje ya bar mana, Linuks ce. Ita ba ta san wani C ko D ba. Wuri ɗaya gare ta kamar unguwa, kowane mai shiga da gidansa, a cikin gidan kuma akwai dosiye mai ɗigo a gaban suna, shi ma ɓoyayye. Ta ukun Mak ce, ta wata baturiya da ke zuwa mana sau biyu a shekara, wadda takan kai nata wani wuri da ta kira laburare, alhali ko littafi ɗaya babu. Tsofaffi uku ne a gida ɗaya: wannan makullinta na ƙarƙashin tabarma, waccan a cikin tulu, ta ukun a bakin zane, kuma kowace tana rantsuwa nata ne wurin masu hankali. Aikina shi ne in bi su ɗaya bayan ɗaya in kwaso, in haɗe a babbar ordi, in buga lista.

Na tuna wani magatakarda daga can wajen Hawandawaki da aka ce ya kawo mini baz ɗin garuruwansu a kile, ɗan abin nan da ake sokawa a ordi a kwashi fishiye. Ya taso da moto, wato babur, tun sanyin safiya, ya faɗi sau biyu a rairayi, ya iso da gwiwa a kurje, ya ciro kile daga aljihun ƴar ciki, an naɗe shi a leda uku. Na soka, na buɗe. Abin da bawan Allah ya kwaso shi ne ɗan hoton nan na fuskar ordi, wanda ake dannawa shiri ya buɗe. An aike shi hatsi, ya ɗauko murfin rumbu. Na yi masa bayani, ya ce sam, a garinsu in ya danna wannan hoton mutane fitowa suke yi. Ya danna a gabana har sau bakwai, kowane karo yana ƙara ƙarfi. Ranar a bayan motonsa na koma da shi, ni ma na faɗi rabona.

Shekarar da nake so in ba ku labari, ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun zama fanko, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Aka ce za a yi rabon cimaka bisa listarmu, aka turo mana wani ajidan, mai muƙami a soja, da soje biyu su sa ido. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ya yi imani duk abin da ya lalace akwai wanda ya lalata shi, kuma wannan ɗin yana da wuyan da za a kama.

Mu uku ne a biro: Shef Lawali, ni, sai Madam Zainabu mai fita ƙauyuka da ƙaramar ordi tana shigar da sunaye. Mace ce mai saurin yatsu, ba ta kuskure, ga ta da tsohon ciki amma ba ta daina fita ba sai da ya rage kwanaki, sannan ta tafi gidan iyayenta a Korgom. Ƙaramar ordin nan tana da wani hali da babbar ba ta da shi. Babbar, hoto kake dannawa ka shiga. Ƙaramar kuwa sai ka rubuta sunan mai gidan da yatsanka, kuma sunan da aka sa mata na Shef ne, lawali. Kullum ni ke buɗe ta da safe in miƙa wa Madam, ta rufe murfi ta sa a jaka. Da ta tafi haihuwa na shiga gidan lawali, na kwashe baz, na haɗa, na buga lista, aka rarraba wa garuruwa su duba. Har ajidan ya yaba mini.

Wata Talata da hantsi sai ga wani dogon tsoho ya sauko daga motar kasuwa, da sandarsa da butarsa. Mai gari Nomau ke nan, na Tsamiyar Kaka, wani ƙauye can bayan Kanan Bakashe. Ya yi sallama, ya zauna a ƙasa duk da kujerar da na tura masa.

"Ɗana, an ce kai ne mai rubuta mutane."

"Ni ne, Baba."

"To mu mi munka yi? An karanta garin da ke gabas da mu, an karanta na yamma da mu, mu an tsallake."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, kuskuren takarda ne. Na buga sunan garin a babbar ordi. Babu. Na buɗe ƙaramar, na shiga inda na saba shiga. Babu.

"Mi ta ce?"

"Ta ce babu, Baba."

"Babu mi?"

"Babu garin."

Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi butarsa, ya ce, "To ni daga ina na hito yau da sahe?"

Ya ce mace ta zo musu, mai ciki, ta zauna gindin tsamiya tun hantsi har la'asar, ta rubuta kowa, ta sha fura a gidansa. Ya ce mutanensa ƴaƴan anza na daji suke jiƙawa su ci. Magidanta sun ɗaure kaya za su yi kudu da iyalansu, shi ya tsaida su, ya ce hatsi na tafe, domin da idonsa ya ga an rubuta su. Yanzu in ya koma hannu banza, ba wanda zai ƙara tsayawa don maganarsa, garin watsewa zai yi.

Maganar ta kai kunnen ajidan, ya shigo yana buga ƙafa. Ran Alhamis da sassafe za a kai lista Maraɗi a buga mata hatimi, bisa ita za a loda hatsi a kamyo, babbar motar kaya, ga shi ana ce masa gari ya ɓace.

"Wa ya ɓadda su?"

Shef Lawali ya ce shi dai ko taɓa ordin bai taɓa yi ba, kuma gaskiyarsa ce. Na ce, "Mon ajidan, in har an shigar da su, a wannan ƙaramar aka shigar, kuma ta ƙi nunawa."

"Ke nan ita ta ɓoye su."

"Kusan haka ne."

A duk tsawon aikina ban taɓa yin wautar da ta kai wannan "kusan haka" ba. Ajidan ya juya ya ce, "Bon. A kama ta." Na ɗauka wasa ne, na yi dariya. Ya tambaye ni ko ina so in raka ta, sai dariyar ta koma ciki. Ya ce ba wanda zai ƙara taɓa ta ya ɓata shaida sai an yi bincike. Soje ya rungumi ordi ya yi kaso da ita. Na bi shi da wayar cajinta, ya ce a'a, ba a shiga kaso da igiya.

Tunanina a lokacin shi ne Madam a kaye, wato littafin rubutu, ta rubuta su da hannu, nauyin ciki ya sa ta manta ba ta shigar ba. Waya ba ta shiga unguwarsu, don haka ran Laraba na ari moton Shef, na zuba esansi kwalba biyu, na kama hanyar Korgom. Hanyar ba ta da daɗin kallo a shekarar. Shanu kwance a gefe, wasu ba za su sake tashi ba, mata da ƙorai a cikin sabara suna neman abin da za a ɗora a wuta.

Na tarar ta sauka lafiya, ƴa mace, tana cikin wankan jego. Baƙon namiji ba ya shiga, sai aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki, ita tana ciki bayan labule. Gwaggonta, wata tsohuwa mai kallon alƙali, ta zauna tsakaninmu tana tsinkar zogale a ƙwarya. Muka yi barka, muka gaisa, na shiga abin da ya kawo ni.

"Madam, kayen Tsamiyar Kaka na zo amsa."

"Wane kaye, Malam Mamman? Kai tsaye na buga su."

"Babu su."

"Suna nan. Da hannuna na sa su, har makahon da ke bakin rijiya."

"Na duba sau uku."

"Ta ina ka shiga?"

"Ta ina kuwa? Ta sunan Shef."

Jaririya ta ɗan motsa bayan labule. Can ta ce, da ƙaramar murya, "Ni ba ta nan nika shiga ba. Ranan ordin ta mutu bisa hanya. Da munka isa shofer ya jona ta ga mota, sai na buɗe da kaina. Ta wajena na shiga."

"Wane wajenki kuma? Madam, suna guda ne hwa, haruffa shida. L, A, W..."

Gwaggo ta dire ƙwarya. "Kai! Kai wane irin mutum ne? Boko ya cinye maka kunya? Sunan uban mijinta kaka so ta rubuta da yatsanta, ta kuma danna mishi maɓalli bisa kai?"

Shekara bakwai muna biro ɗaya da matar nan, ban taɓa lura ba ta taɓa furta sunan Shef ba. Shef take cewa, ko mai biro, ko in ta gaji, wancan bawan Allah. Surukinta ma sunansa Lawali. Ashe tun ranar da Mushe Haruna ya zo ya shirya mana ƙaramar ordi, ta ja shi gefe ta roƙe shi ya buɗe mata gida nata da sunanta. Ya buɗe, bai gaya wa kowa ba, domin shi ma ɗan ƙasar ne, ya san ba maganar da ake yaɗawa ba ce. Ba ta taɓa buƙatar gidan ba sai ranar nan ɗaya. Shirin kuwa, da ya ga sabon gida, sai ya buɗe sabon baz a ciki, ya zuba Tsamiyar Kaka, ya rufe bakinsa.

Na ce, "Haba Madam, da kin gaya mini!"

Ta ce, "In ce maka mi? In na hwara bayani ai sai na hwaɗi sunan."

Gwaggo ta ɗauki ƙwaryarta tana gyaɗa kai, ta ce, "Ka ga ɗiyar da anka ba tarbiyya." Ni kaina har yau ban taɓa kiran ɗana na fari da sunansa ba, ga shi yanzu har ya yi furfura.

Na iso Tasawa bayan la'asar, rairayi har cikin kunne. Ajidan ya fita rangadi, sai gobe. Na tafi kaso na roƙi sojen da ke ƙofa ya ba ni minti biyar da ordin. Ya ce ba a ganin fursuna sai da izini. Na ce ai ba fursuna ba ce, na'ura ce. Ya buɗe babban littafinsa ya nuna mini: ga ta nan an rubuta, da ranar shiga, da laifi. Na leƙa ta taga, na hango wani da aka kama da akuyar mutane ya yi matashin kai da ita yana sharar barci. Na koma wurin Shef, ya ce shi ba shi da wuyan tsaida takardar da ajidan ya riga ya sa wa hannu. Da sassafen Alhamis ina tsaye mota ta fita da lista.

Ajidan ya dawo da hantsi, na zayyana masa komai. Maganar dosiye mai ɗigo ba ta shiga kansa ba, amma da na zo kan suruki sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Tana da gaskiya." Na ce to a saki ordin. Ya ce wanda aka rubuta a littafi ba ya fita sai wani ya tsaya masa. Shef ya kama kallon rufin ɗaki. Ni kuma aka ce ina cikin waɗanda ake zargi. Sai mai gari Nomau, wanda ya kwana biyu a gindin bedin biro bai motsa ba, ya taso da sandarsa.

"Ni na tsaya mata."

"Tsoho, ka san ta?"

"Ban san ta ba. Amma mutanena na cikinta."

Ya dangwala yatsa a littafi, aka fito da ita tana warin kaso. Aka tada gurup, injin wuta, na jona, na buɗe. Maimakon in zarce gidan da na saba, sai na tsaya a bakin unguwar na ɗaga kai. Gida biyu ne a jere, lawali da zainabu. Na fi sau ɗari ina wucewa ta nan ban duba ba, don wai na san hanya. Na shiga na biyun, na ce a nuna ɓoyayyu, ga Tsamiyar Kaka cif, gida-gida. Duk aikin bai kai tafasar shayi ba.

Ajidan ya buga waya Maraɗi, ya ƙame har yana sara wa wayar. Aka ce masa hatimi ya riga ya hau, sai dai a sa su a zagaye na biyu, nan da sati uku. Ya ajiye wayar. Ranar ce kaɗai na gan shi yana neman wanda zai kama bai samu ba. Da ya tambaye ni da na nuna masa kaina, domin laifin nawa ne, ba na Madam ba, ba na ordi ba. Tun daga ranar na tilasta wa sistem ɗin nan uku wuri ɗaya da ni na zaɓa, ko wa ya buɗe, can baz zai tafi. Sunan shiga kuma na mai da shi biro, wanda na tabbata ba surukin kowa ba ne.

Ranar rabon Tsamiyar Kaka na bi kamyo da kaina, ko da yake ba aikina ba ne. Aka jibge buhuna a gindin tsamiyar, ajidan ya tsaya gefe, mai gari ya zauna kusa da ni, na fara kiran suna. Ban yi nisa ba na ci karo da wani mai gida da aka rubuta Mai Sunan Baba. Na kira, ba wanda ya amsa. Na duba ƙasa, ga wani Mai Sunan Baba, ga wani kuma, har biyar. Sai na gane aikin Madam. Na ɗaga murya na ce, "Lawali!" Mutum huɗu suka miƙe tare, suna hararar juna. Sai da sunayen matansu muka raba su, ɗaya ma ya rantse matar da na karanta ba tasa ba ce, sai ga ta ta taso daga cikin mata ta tuna masa. Aka yi dariya har makaho ya tambayi abin da ake gani.

Na biyar ɗin bai miƙe ba. Mai gari ya ce, "Ya yi kudu." Na kira na gaba. "Sun tahi Katsina da ɗiyan." Na kira wata tsohuwa mai gidan kanta, ya ce, "Wannan mun kai ta makwancinta ran Juma'a." Ban tambayi abin da ya same ta ba, ban da ƙarfin zuciyar. Haka muka yi ta tafiya, wasu na amsawa, wasu mai gari na amsa musu, shi kuwa muryarsa ba ta canza ba ko sau ɗaya. Abin ya yi mini ciwo a ranar, kuma har yau bai daina ba.

Ƙa'ida ita ce, gidan da aka kira ba kowa, a cire shi daga baz. Da aka gama na buɗe ordi a kan gwiwata. Ajidan ya dube ni, ya dubi tsohon, sai ya tafi duba tayar kamyo, wadda ba abin da ya same ta.

Mai gari ya dafa hannuna. "Kada ka goge su, ɗana. Damina na zuwa, za su komo. Kada su komo su iske an ce babu su."

Na ce ba zan goge ba, sai wadda ta riga mu.

"Ita ma bar ta har a yi mata arba'in. To yanzu ina ka sa mu?"

Na fara yi masa bayanin dosiye, ya ɗaga hannu ya ce ba wa'azi ya tambaye ni ba, in rubuta. Na yago takarda daga kaye, na rubuta masa hanyar tun daga bakin unguwa har ƙofar baz, harafi-harafi, da kowane ɗigo. Ya karɓa, ya juya ta sama da ƙasa, bai san ko ɗaya ba. Ya ninke ta huɗu, ya cire hularsa, ya cusa a cikin naɗin, ya mayar a kai ya danna sosai.

Ya ce, "In kun sake ɓadda mu, ba sai an kama kowa ba. Ni zan zo in gwada muku inda muke."